Tokar Shuɗiyar Fata

Da sunan Allah nake fara wannan bayani, shi ne kuma shaidata a kan abin da zan faɗa.

Kwanan baya samari uku suka same ni a majema, can bayan gari, inda muke jima tun zamanin kakanni. Ɗaya ya miƙo mini waya. A cikinta na ga wani mutum yana zuba koren gari cikin tano, wato wata babbar ganga, ya jefa fatu, ya juya, washegari ya fid da su shuɗaye, aiki ya ƙare. Suka ce, "Baba Ilu, ashe haka jima take da sauƙi? An ce kai ka san aikin kurom, na koren garin nan. Koya muna." Na ce su ba ni kwanaki. Bakina ba ya tsara magana gaban mutane, amma na yi aji huɗu a lakkwal, makarantar boko ke nan, da girmana kuma na shiga yaƙi da jahilci, shi ya sa na zauna na rubuta. Na san aikin kurom. Mutum shida suka yi shi ƙarƙashina, kuma kuskuren da na yi, huhunsu ne ya ɗauka.

Fatar farko da na lalata ta jar akuya ce. Lokacin ina wajen kawuna Mainasara, ƙanin mahaifiyata, wanda ya koya mini sana'a tare da ɗansa Shaibu. An jiƙa fatar ta yi laushi, ta kwana uku cikin kwatarniyar toka, gashi ya fara saki. Kawu ya kifa turmi, ya shimfiɗa ta a kai, ya ba ni wuƙar karta mai mariƙi biyu. Na karta gashin ya fita tas, amma fuskar fatar ta fito da zane-zane kamar an ja ta cikin ƙaya. Kawu ya tsoma hannu ƙasan kwatarniya, ya ɗebo tsakuwa da guntayen gawayi, ya buɗe mini tafinsa.

"Wa ya tankaɗe tokar ga?"

Na ce ba a tankaɗe ba, na ga kamar tana da laushi.

Bai buge ni ba. Ya miƙo mini rariya, na yi wata biyu ban taɓa fata ba, tankaɗe kawai nake yi. Tun daga nan abu biyu suka zauna mini a kai: majemi ba ya zubar da toka, kuma ba ya aiki da wadda ba a tankaɗe ba. Cikin ɗaki ake tankaɗewa, a rufe ƙofa, don iskar Tawa ba ta barin abu mai laushi a hannun mutum. Tokar karan hatsi ita ce ta ƙwarai. Kawu yakan tsoma yatsa cikin ruwanta ya sa a harshe. In ta cije shi, ta yi. In ba ta cije ba, sai ya ƙara kanwa.

Bayan toka fata tana shiga ruwan kashin tantabara ta saki jiki, a wanke, a karte bayanta. Sannan bagaruwa. A daka ta, a jiƙa da ruwa mai ɗumi, a tsoma fata ana murzawa da hannu safe da yamma, ana yanka ɗan gefe ana duba ko jimar ta ratsa tsakiya. Sai man gyaɗa, sai ja a kan dutse har ta yi taushi. Ta akuya kusan mako biyu, ƙirgin sa ya fi wata. Dukawan gari sukan zo su shinshina kafin su taya. Matan Buzaye masu ɗinkin jaka sukan naɗe fata a yatsa su saki, su duba ko ta bar layi.

Shaibu taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "ɗan mace" ko "bawana". Ni kuma nakan ce da shi raggo, duk da babu mai hannunsa a majemarmu. Shekara da shekaru ban ji ya yi mini magana ɗaya ba tare da tsokana ba.

Sai shekarar da dabbobi suka mutu. Damina biyu a jere ba ta yi ba. Makiyaya suka gangaro daga arewa suna yanka abin da ya rage kafin ya faɗi da kansa. Fatu suka yi tuli a kasuwa, busassu, sirara, har ba mai ɗagawa. Da bagaruwa ba za mu iya jeme ko kashi ɗaya cikin goma ba kafin ƙwari su cinye saura. Wani Alhaji mai fataucin fatu ya gina ƙaramin luzin, wato masana'antar jima, a gefen gari, ya sayo babban tano na katako da inji ke juyawa, da injin aski mai daidaita kaurin fata. Ya zaɓe ni saboda ina karanta abin da aka rubuta a jikin buhu, ya tura ni kudu wata huɗu in koyo aikin kurom a wata babbar masana'anta.

Can na ga abin da kuka gani a waya, da abin da wayar ba ta nuna ba. Sai an auna gishiri, an auna ruwan asid, an san lokacin da za a zuba koren garin da lokacin da za a bi shi da soda kaɗan-kaɗan. In ka yi gaggawa fuskar fata ta tattare. Gwajinsa kuwa, a yanki ƴar guntuwa a jefa a tafasasshen ruwa. In ba ta ƙanƙance ba, ta jemu. Daga nan sai injin aski, yana zubo shuɗin ɓurɓushi kamar an fere rogo. Kowace yamma mota takan zo ta kwashe shi. Na tambayi tsohon da ke koya mini inda ake kai shi. Ya ce binnewa ake yi, ya ƙara da cewa, "Kome za ka yi, kada ka sa masa wuta." Na ce don me? Ya ce haka ya tarar. Da yake bai ba ni dalili ba, na ɗauka almubazzarancin masu injuna ne.

Na dawo aka naɗa ni shef, aka ba ni mutum shida, Shaibu a cikinsu. Ranar farko ya tuɓe hula ya durƙusa gabana ya ce, "Ranka shi daɗe, bawana ya zama shef. Duniya ta ƙare." Aiki ya tafi daidai, sai dai abu biyu suka tsaya mana. Farar ƙasar da ake cire gashi da ita a kudu ba ta iso mu kullum. Toka kuwa babu, don karan hatsin da muke ƙonawa ya zama abincin ƴan dabbobin da suka rage, ko a bakin darni ba ka samun sa. Itacen ɗuma ruwa ma sai an yi tafiyar yini. A bayan luzin kuma ga shuɗin ɓurɓushi ya bushe ya yi tsibi.

Wata safiya na ɗebi kwando ɗaya na zuba ƙarƙashin tukunyar ruwa, na haɗa da kashin awaki da ɗan karan da muka samu. Ya ci wuta, da wari kamar na ƙaho. Na kwashe tokar na jiƙa na sa a harshe, ba ta cije ba. Sai na yi dabarar da na daɗe ina alfahari da ita: na daka kanwa na barbaɗa cikin ɓurɓushin tun kafin a sa wuta, su ƙone tare. Wannan karon ruwan ya fito rawaya garau, ya kuma cije. Na ce na samu itace, na samu toka, na share bayan luzin, duk da kwando ɗaya. Na ware wani ɗaki maras taga na ce nan ne ɗakin tankaɗe.

Na kai wa Kawu ruwan a ƙoƙo, lokacin tsufa ya zaunar da shi. Ya sa a harshe, ya tofar, ya kurkure baki sau uku. Ya ce, "Ilu, wagga ba toka ba ce. Ban san ko mi ce ba, amma ba toka ba ce." Na ce a raina tsoho bai san zamani ba. Wata tsohuwa daga wajen Tebaram da ta saba sayen fatar salka wajenmu ta zo, na nuna mata shuɗiyar. Ta shinshina ta ajiye. Ta ce da ƴar Hausarta, ita ba ta zuba ruwan ɗiyanta cikin fatar da ba ta ƙanshin icce. Ban damu ba, tun da fatunmu kudu ake kai su.

Tankaɗen tokar nan Shaibu ya fi kowa yi, don shi ya fi hannu. Saura suna karɓarsa bi da bi. Mutum ya shiga da rariya ya ja ƙofa, ya fito bayan awa biyu girarsa da gemunsa sun yi rawaya-rawaya. Ni aikina aune-aune da tsayawa kan inji. Iyakata bakin ƙofa, in leƙa in ce a yi sauri.

Abin ya fara da hannu. Duk mai ɗan ƙwarzane sai wurin ya zama ƙaramin gyambo zagayayye, mai zurfi, kamar an huda da tsinken baduku, ya yi watanni bai rufe ba. Na ce su shafa man shanu. Sai haɓo. Sai atishawa da kaikayin maƙogwaro. A kudu na ji ana cewa madara tana wanke ƙura daga ƙirji, don haka na sa Alhaji yana aiko da ƙwaryar nono kowace safiya, na ɗauka na sauke nauyi. Cikin shekara ta uku hancin Shaibu ya fara fito in yana numfashi. Wata rana muna cin tuwo ya zaro tsinken tsintsiya, ya sa ta wannan kafar hanci ya fito da shi ta waccan. Bangon tsakiya ya huje. Mutane suka yi ta dariya.

Ya ce, "Ɗan mace, duba aikinka. Tokarka ta yi mini taga, tun da ka hana ɗaki taga."

Na ce, "Raggo, ka dai gaji da rariya. Ai yanzu iska ta fi shigar ka."

"Wallahi abin ga cin mutum shikai. Ka koma ma tokar kara."

"In ka haifi karan, kawo."

Aka sake dariya. Ya faɗa mini haka ya fi sau ashirin cikin shekarun nan, kullum da murmushi, kullum da "ɗan mace" a gaba. Da wani ne cikin sauran ya tare ni fuska a ɗaure, mai yiwuwa da na tsaya na yi tunani. Amma taubashi ba shi da wata hanyar yi maka magana sai wannan, ni kuwa na ɗauki hanyar na bar maganar. Ruwa ya dawo, hatsi ya yi, kara ya cika gonaki, ban daina ba, don dabarata ce kuma ta fi sauƙi. Shekara tara muka yi haka, har Alhaji ya rasu, inji ya lalace, aka rufe luzin. Kowa ya kama gabansa. Ni da Shaibu muka koma bagaruwa.

Ƙirgin ƙarshe da muka ja tare na wani farin sa ne, sama da shekara ashirin bayan rufe luzin. Shi ya riƙe gefe ni gefe, muna ja a kan dutse. Ya saki, ya dafa gwiwa, ya yi tari mai tsawo, ya tofar da jini cikin yashi ya rufe da ƙafa. Dama ya rame, na ɗauka shekaru ne. A asibitin Tawa aka auna majinarsa ana zaton tarin fuka, ba a samu ba. Aka yi masa hoton ƙirji, aka ce mu wuce Yamai. Ni na raka shi. Can suka ɗebi ɗan nama daga ciki, muka jira, aka kira mu.

Lokotoron, wato likitar, mace ce, sa'ar ɗiyata, tana jin Hausa sosai. Ta ce ciwon daji ne a huhun dama, kuma ya yi nisa. Ta tambaya ko yana shan taba. Bai taɓa sha ba. Ta haska hancinsa da ƴar fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, wane aiki ka yi?"

"Jima."

"Da bagaruwa?"

Shaibu ya nuna ni da haɓa. "Tambayi shef."

Na ce da bagaruwa, da ɗan kurom na wasu shekaru. Na tsaya nan. Ta ce koren garin shi kaɗai bai cika huda hanci haka ba, ko akwai wani abu? Na dubi ƙasa.

Shaibu ya ce, "Gaya mata wutar, ɗan mace. Da kanwar."

Na gaya mata duka, da kwando, da ɗakin, da rariya. Ta ajiye alƙalami. Abin da ta bayyana mana shi ne abin da nake so ku riƙe. Kurom iri biyu ne. Koren da ake jima da shi yana da tasa illar, yana ɓata hannu da ruwa, amma da sauƙi. In aka ƙona shi, musamman tare da abu irin kanwa, wuta takan juya shi zuwa ɗaya irin, mai ba da ruwa rawaya. Shi ne mai cin fata da hanci, kuma ƙurarsa in ta zauna a huhu tana iya zama daji bayan shekaru masu yawa, mutum ya manta ma ya taɓa aikin. Ta ce an san wannan a kan ma'aikatan masana'antu masu shaƙar sa. Ta ce ba za ta rantse cewa shi kaɗai ya jawo wa Shaibu ba, amma ba ta ga wani dalili da ya fi shi ba. Nono ba ya wanke shi. Ƙyalle a hanci ba ya tare shi yadda ya kamata. Ɓurɓushi da guntayen shuɗiyar fata ba a sa musu wuta, ko ta dafa shayi, ba a kuma zuba ruwansa kusa da rijiya. Sannan ta ce, "Su nawa suka shiga ɗakin? A kawo saura a duba su. Wanda aka gani da wuri ana iya yi masa wani abu."

Ni ma ta sa aka yi mini hoton. Nawa ya fito fes.

Aka ba Shaibu magani na rage ciwo muka dawo gida. Kullum bayan la'asar nakan je in same shi a tabarma ƙarƙashin rumfa, an jingina shi da buhun hatsi don ba ya iya kwanciya sosai. Wata rana na fara cewa ya yafe mini, ya ɗaga hannu.

"Bari wannan, tsakaninka da Allah ne, ni ban riƙe ka ba. Aiki ni ka ba ka. Kai ka tara mu cikin ɗakin ga, kai za ka tara su ka kai likita. Bawa ba shi gardama."

Ya rasu kafin shuka, Allah ya jiƙansa.

Na fara nema. Ɗaya ashe ya riga Shaibu da shekara huɗu, a ƙauyensu, da tari, ba wanda ya san sunan ciwon. Uku suna cikin Tawa, na bi su gida-gida na faɗa musu abin da na yi da bakina. Suka je. Biyu ba a ga kome ba, ɗaya an ce ya riƙa dawowa ana dubawa. Saura Attahiru, wanda ya fi kowa tankaɗe bayan Shaibu. Ya koma Affala yana noma. Na aika masa saƙo sau biyu bai zo ba. Da kaka ta yi na hau motar kasuwa na tafi da kaina.

Na same shi a gona yana ɗaure damman hatsi. Ya tsufa, ya bushe. Muka gaisa, na yi masa bayani tun daga wuta har lokotoro. Bai daina ɗauri ba. Yana ja da igiya ina jin ƙirjinsa yana ƙara.

Ya ce, "Shef, shekara tara kana ce muna babu kome cikin tokar ga, na yarda da kai. Yanzu ka zo ka ce akwai kome, in sake yarda da kai?"

Na ce, "Wancan karon ban tambayi kowa ba. Wannan karon na tambaya."

Ya yi tari, ya dubi gonar. Ya ce ba inda za shi sai hatsi ya shiga rumbu, ɗiyansa maza duk suna ci-rani. Na san in na koma Tawa ba zan sake ganin ƙafarsa ba. Na tuɓe riga na rataye a icce, na ce ya aza mini dami.

"Kai da ba ka taɓa ɗaukar ko rariya ba?"

Na ce ya aza.

Kwana huɗu muka yi muna jida, tsoho biyu da jaki ɗaya. Wuyana har yau bai koma daidai ba. Ran na biyar da safe ya rufe bakin rumbu, ya shiga ɗaki ya sa rigarsa ta kasuwa, ya fito ya ce, "To, mu tahi. Amma ni ka zama gaban mota, kai baya."

Na zauna baya, tsakanin buhunan wake da tunkiyar wani. An yi masa hoton, an ga wani abu ƙarami a ƙasan huhun hagu, an tura Yamai. Yanzu yana gidana, a ɗakin baƙi, yana ƙorafin cewa furar birni ba ta da tsami. Muna jiran amsa.